Kwalbar da Na Gani a Ƙarƙashin Gado

A Alƙahira na yi zaman ɗaki ɗaya da wani ɗan Gusau mai shekara sha tara. Wata safiya ina shara na ga kwalbar giya ƙarƙashin gadonsa. Maimakon in zaunar da shi, sai na sanar da mai kula da masaukinmu. Na zaci faɗa kawai zai sha.

Mutumin ya kira 'yan sanda, wai shekarun yaron ba su kai na shan giya ba. Ya kwana biyu a hannunsu, aka janye tallafin karatunsa, aka soke takardar zamansa a ƙasar.

Ni na riƙe masa jaka zuwa tasi a Abbasiya. Ya rungume ni ya ce, "Yaya, kai kaɗai ne ba ka guje ni ba."

Na ce, "Ma'alish," wato "yi haƙuri" a Larabcin Masar. Har yau bai san ni na kai ƙararsa ba.