Hannun Hagun Gwaggo Kwana-Uku

Kafin in shiga magana, zan ambaci mutanen da ke cikinta, domin kada mai karatu ya ruɗe. Akwai Gwaggo Kwana-Uku, wadda ta shekara ashirin da bakwai tana haɗa man shafawa a wani ƙaramin kamfani, kuma dominta na ɗauki alƙalami. Akwai mai kamfanin, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a gida. Akwai ɗanta da ya karɓi ragama, muna ce masa Manaja. Akwai wata mai shagon gyaran jiki da ban san sunanta ba. Sai ni, direban motar kaya, wanda aka yi abin a kan idonsa.

Kullum Gwaggo ce ke riga kowa isowa. Takan wanke hannu har gwiwa, ta leƙa tukwanen ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina kowace jarkar mai kafin ta yarda a zuba. Ta narka kakin zuma, ta auna turare, ta yi ta juyawa har haɗi ya kama jikinsa. Idan ya huce, sai ta lakato kaɗan ta shafa a cikin hannunta na hagu, ta zagaye wurin da biro, ta rubuta lambar tukunyar a gefe. Daga nan maganarta ɗaya ce: "A ba shi kwana uku." Abin da ya zame mata suna ke nan.

Sau da yawa nakan tsaya da mota a bakin ƙofa in ce, "Gwaggo, masu shaguna fa sun dame ni da waya."

Sai ta ce, "Su dame ka, Direba. Fuskar mutum ba taya ba ce da za ka tsaya a gefen hanya ka canza."

Na ga ranar da ta sa aka zubar da tukunya guda cur, saboda wurin da ta shafa ya fara mata ƙaiƙayi a kwana na biyu. Mai kamfanin ta yi faɗa har muryarta ta dishe, amma da aka bincika sai aka tarar jarkar turaren ce ta lalace. Tun daga nan ba ta sake yi mata gardama ba. Hannun nan kuwa ya cika da tabo, wani baƙi, wani fari. Kowane tabo fuskar wata mata ce da ta tsira ba ta ma sani ba.

Bana Manaja ya kama mana rumfa a babban baje kolin kayan kwalliya. Ana saura kwana biyu ya shigo da wani farin gari a buhun da ba rubutu, ya ce da shi za a yi sabon mai da ke haska fata cikin mako guda. Gwaggo ta ce ba ta zuba abin da ba ta san sunansa ba. Ya tsaya da kansa aka haɗa, aka ɗura a kwalabe. Ita kuma ta bi ta lakaci ragowar tukunya, ta shafa, ta zagaye da biro.

Ya ce, "Gwaggo, baje koli ba ya jiran hannunki."

Ban taɓa shiga zaure irin na baje kolin nan ba. Rumfuna jere a kan darduma, fitilu ta ko'ina, lasifika na tashi, ƙamshi har yana sa ciwon kai. A rumfarmu an kafa farin tebur, da doguwar kujera a gaban madubi, da ƙaton hoton wata yarinya da manmu bai taɓa hawa fuskarta ba. A baya akwai labule, inda aka tara kwalaye da bokiti. Can aka ajiye Gwaggo. Manaja ya ce ta sa riga mai dogon hannu, kada tabonta ya kori masu saye. Katin da aka rataya mata a wuya kuwa, ni da na koyi karatu da furfura a kaina, sai da na karanta shi sau biyu ko ni ne na yi kuskure. An rubuta "Lebura". Shekara ashirin da bakwai! 

Da hantsi ta yafuto ni, ta janye hannun riga. Cikin zagayen biron nan ya yi jawur, ya kumbura, ya ɗuri ruwa. Ta kira Manaja bayan labule ta nuna masa. Ko sunkuyawa bai yi ba.

Ya ce, "Tsufa ne, Gwaggo. Fatarki ta gaji."

Ba a jima ba mai shagon gyaran jiki ta hau kujerar. Ta ce mata da yawa ke zuwa wurinta a kowane mako, idan sabon man ya yi mata za ta kwashi kwalaye, amma a fara gwadawa a kumatunta. Manaja ya buɗe kwalba yana murmushi.

Sai labule ya motsa. Gwaggo ta fito ba gaggawa, ta naɗe hannun riga, ta shimfiɗa hannunta a kan farin teburin nan, a tsakiyar kwalabe.

Ta ce, "'Yar'uwa, kafin a shafa miki, duba nan. Lambar da ke hannuna ita ce a gindin kwalbar."

Matar ta juya kwalba, ta dubi hannu, ta diro daga kujera. "Wannan za ka goga mini? To bismilla, ɗan gayu, fara da taka fuskar, ga madubi!"

Mutane suka taru, ana dariya. Manaja ya ce tsohuwar ba ta da lafiya.

Gwaggo ta ce, "A ɗakin haɗi na goya ka uwarka tana juya tukunya. Lafiyata ƙalau."

Matar ta tambaya, "Inna, to wanne ne ya ci jarrabawar hannun naki?" Gwaggo ta shiga nuna mata tsofaffin zagaye da suka kwanta lumui, tana haɗa kowanne da kwalbarsa. Kafin la'asar tsohon manmu ya ƙare ƙaf. Sabon kuwa, yadda na kawo kwalayensa haka na mayar da su, ba fuskar da ya taɓa.

Sakamakonta takarda ce. Ranar Litinin aka miƙa mata a bakin ƙofa, wai ritaya. Ba taro, ba godiya, ba ko kujerar da za ta zauna ta karanta. Mai kamfanin kuma aka ce mata Gwaggo ce ta nemi hutu.

Bayan wata biyu ina loda kaya, na ga sabon rubutu a jikin kwalaye: "An gwada shi kwana uku." Na samu Manaja na ce, "Ranka ya daɗe, a hannun wa?" Ya ce tuƙi aka ɗauke ni, ba tambaya ba. Sun kori mace, sun riƙe maganarta suna talla da ita. Idan wannan ba rashin kunya ba ne, ban san sunansa ba.

Na je gaishe ta a gidan 'yarta. Na zaci zan tarar da ita cikin fushi irin nawa. Ciwon ya warke, ya bar baƙin zagaye. Abin da ta fara tambayata shi ne, "Direba, wa ke shafawa yanzu?" 

Gwaggo, ke ce kika sa fatarki a gaban ta mutane. Ke ce mai haƙurin kwana uku a wurin da kowa ke sauri. An ɓoye ki a bayan labule, kika fito daidai lokacin da ya kamata, kin kuwa san abin da zai biyo baya. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ƙara miki lafiya.

Ku masu haɗa kayan shafa, ku yi koyi da ita. Ku mata masu saye, duk kwalbar da ta ce muku an gwada ta, ku tambaya a hannun wa.

Idan na yi kuskure a harafi ko a jeren magana, ina roƙon masu karatu su gyara mini, don ban daɗe da sanin alƙalami ba. Amma batun hannun nan ba ya neman gyara. Mai shi tana da rai, tabon yana nan.