Damin dawa a zaure

Shekarar korona aka rufe Islamiyyar da na gada daga mahaifina a Kutama. Da na ji a rediyo gwamnati za ta biya malaman makarantun kuɗi albashi, sai na hau mashin zuwa Gwarzo. Jami'in ilimin da na tarar a ofis ya ce in kawo shaidar banki cewa ina biyan albashi. Na ce mu a wajenmu, lokacin kaka iyayen yara ke kawo damman dawa, mu raba wa malamai.

Ya yi dariya. "Malam, ai dawa ba albashi ba ce."

Na dawo raina a ɓace, na buɗe rumbuna, na ciyar da malamaina har aka janye dokar kulle.

Muna buɗe makaranta sai ga mai karɓar haraji. Na yi masa shimfiɗa, muka gaisa sosai, sannan na kinkimo dami guda na dire a gabansa. Ya ce gwamnati ba ta karɓar dawa. Na ce to, da ita muke albashi, da ita za mu yi haraji.

Damin yana nan a zaure, in sun sake shawara.