Dukan da Aka Yi wa Ɗana a Bakin Kara

Babban ɗana aikin kwamfuta yake yi. Da na tambaye shi haƙiƙar aikin, ya ce akwai umarnin da ke sa na'ura ta gane abin da aka jona mata, a saman kowane umarni kuma akwai bayanin da mutum ya rubuta. Masu gyara sukan canza umarnin su bar bayanin yadda yake, sai manhajar da ke harhaɗa aikin ta yi ta fitar da gargaɗi da jan rubutu. Shi yake bi yana daidaita su.

Na ce, "Ashe sharhi ne ya saɓa wa matani."

Ya yi dariya, ya ce, "Haka ne, Baba, sai dai nawa malamin ba ya gajiya da faɗa."

Wata ranar kasuwa ya raka ni ta'aziyya daga Birnin Kudu zuwa wani ƙauye a ƙasar Gwaram. An sace musu shanu a makon, ana raɗe-raɗin wani ne ke ba ɓarayi labari ta waya. Mu ba mu sani ba. Sabis ba ya kamawa sai a kan tudun da ke kallon kara, inda ake cinikin shanu. Can ya hau ya buɗe kwamfutarsa don ya aika gyaransa.

Muna cikin addu'a na ji ihu. Na iske shi a ƙasa, jini ya rufe masa ido, sanduna suna sauka a kansa. Wani makiyayi ya taka hannunsa na dama yana murzawa.

"Labarin shanunmu kake aika wa ɓarayi, ɗan iska! Ga jan rubutu nan, mun gani!"

Ban tsaya kawo hujja ba. Na kwanta a kansa da rawanina da tsufana. Sanda ta same ni a kafaɗa, na ji ƙashi ya amsa. Na ɗaga murya na ce, "Ɗana ne. Mai son kashe shi ya fara da ni, mu haɗu gaban Allah."

Limamin garin, wanda muka yi karatu a zaure ɗaya, ya ratso taron yana ture su. "Kun san wa kuka doka? Ku ji tsoron Allah!"

Suka ja da baya. An riga an farfasa kwamfutar da dutse. A bayan a-kori-kura muka kai shi asibiti, kansa a cinyata, ina karanta abin da ya sawwaƙa.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Yatsu biyu na hannun damansa ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Da cokali yake cin tuwo har yau.