Cinikin Mota da Surukina

Shekarar da na shiga noman rani a fadamar Zauro ita ce shekarar da na sayar da motata, kuma ba don na gaji da ita ba. Na kama hayar gona, na yafa irin shinkafa, ya fito kore shar, sannan na zauna na yi tunanin da ya kamata in yi tun farko. Ba ni da injin ban ruwa, babu rijiya a gonar, ban sayi taki ba, ga masu dashe za su so haƙƙinsu a hannu. Albashin malamin makaranta kuwa kowa ya san inda yake tsayawa. Iri kuma ba ya jiran mutum. In ya isa dashe ba a dasa shi ba, ya tsufa ke nan, shekarar ta wuce, kuɗin hayar gona sun bi ta. Abu ɗaya na mallaka da zai fitar da ni, yana nan tsaye a ƙofar gidana a Birnin Kebbi.

Tsohuwar mota ce ruwan toka, mai dogon baya, irin wadda ake kwantar da kujerunta a loda buhuna. Tana da halinta. Ƙofar baya ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta da gwiwa, giyar ribas kuma sai an lallashe ta. Amma injinta lafiya lau yake, ina kuma son ta ƙwarai.

Dillalai suka yi ta zuwa, wannan ya shuri taya, wancan ya leƙa ƙarƙashi ya taso yana girgiza kai kamar ya ga gawa. Ban damu ba, don ni ba mai sanyin baki ba ne a ciniki. Wani da ya taya ta da abin da ko babur ba zai saya ba, na tambaye shi ko tayoyin kaɗai yake so, in cire masa. Na san abin da nake bukata, na kuma rantse ba zan sauka ƙasa da shi ba.

Ana cikin haka matata ta yi waya da mahaifiyarta a Argungu. Da ta ajiye wayar sai na ga tana danne dariya.

"Malam, an samu mai saye," ta ce. "Baba ya ce a kai mashi motar ya gani."

Na zabura na ce, "Babanki?"

Surukina manomin albasa ne da shinkafa, kuma duk Argungu an san shi da ciniki. Yana iya cinye safiya guda a kan ɗan akuya, ba don rowa ba, don daɗin abin kawai. Masu zuwa daga kudu sayen albasa, in za su gonarsa, sai sun zaɓi mafi haƙurin cikinsu su tura. Ni kuwa tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa in gaishe shi, duk abin da ya faɗa in ce haka ne. To yaya mutum zai durƙusa a gaban wanda ya ba shi 'ya, ya ce masa kuɗinka ba su kai ba? In na yi ciniki na yi rashin kunya. In ban yi ba, na yi asarar shinkafata.

"Ka ba shi kyauta mana, ka huta," in ji matata. Na harare ta, ta ƙara fashewa da dariya. Da ta ga da gaske hankalina ya tashi, sai ta ce in nemi wanda zai yi magana a madadina, wanda ba ruwansa da kunyar Baba.

Nan take na tuna da maƙwabcina. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a Birnin Kebbi yana kawo dankalin turawa da kabeji kasuwa. 'Ya'yansa da nawa tare suka tashi, abincin sallarmu yana shiga gidansa, na kirsimetinsu yana shigo namu. Bakinsa a kasuwa kuwa kamar reza. Na same shi na zayyana masa komai, har da adadin da ba zan sauka ƙasa da shi ba.

"Wannan ƙaramin abu ne, Malam," ya ce. "Ni ba surukina ba ne. Kai dai aikinka ɗaya, ka rufe baki."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Ranar Asabar muka wanke mota har tana ƙyalli, muka kama hanyar Argungu. Da hantsi muka isa. Baba yana zaune a kan tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gidansa, tare da dattawan majalisarsa, kuma daga yadda suka gyara zama na gane an riga an shaida musu yau akwai kallo. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na kwashi gaisuwa. Maƙwabcina ma ya rusuna ya gaida su, ya ce shi ne wakilin mai mota.

"Madalla," in ji Baba. "Bari mu ga tsohuwar."

Ya tashi ya zagaya ta a hankali, hannuwa a baya. Ya ƙwanƙwasa bonet. Ya danna ta da tafin hannu ya saki, ya saurari yadda take lilo.

"Motag ga ta sha wuya," ya ce.

"Haka ne, Baba," na ce.

Maƙwabcina ya waiwayo ya dube ni. Sannan ya yi maza ya ce ai ba wuya ta sha ba, aiki ta yi, kuma motar da ta saba da aiki ita ake nema.

"Hwentin nan ba na asali ba na."

"Haka ne, Baba."

"Kuma da gani tana shan mai."

"Tana sha, Baba."

Wallahi ba ta shan mai. Amma bakina ya saba, da zarar ya ji muryar Baba sai ya amsa da kansa, ba ya shawara da ni. Abin bai tsaya nan ba. Da na ga Baba ya nufi ƙofar baya, sai tsoro ya kama ni kada ya ja ta ƙi buɗuwa ya ji kunya a gaban abokansa, na yi wuf na tashi na nuna masa yadda ake ɗaga ta da gwiwa. Tun da kuma na fara, sai na ga rashin ladabi ne in ɓoye masa zancen ribas. Na faɗa masa. Dattawan majalisa suka ce, "Allah sarki, yaron kirki."

Maƙwabcina ya ja ni bayan mota, idonsa ya yi ja.

"Malam, kai kana gefen wa ne? Ni ina gini, kai kana rushewa. Saura ka gaya masa ranar da ta mutu mana a hanyar Jega."

"Ai kuwa ya kamata ya sani," na ce.

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce in koma can gefen tabarma in durƙusa, in na ji magana tana taso mini in cusa hulata a baki.

Daga nan aka shiga ciniki sosai, ni kuma na zama ɗan kallo a cinikin kayana. Baba ya taya da abin da ya sa har dattawan suka yi murmushi. Maƙwabcina ya ce albarka, ya ƙara da cewa ko a wurin masu gwangwan za a ba da fiye da haka. Baba ya ce to a kai ta can mana, ga hanya. Maƙwabcina ya tayar da injin ya ce a saurara, wannan murya ko a cocinsu sai a gaba ake sa irinta. Baba ya ce shi ba waƙa zai saya ba, albasa zai ɗauka. Aka kwashe da dariya. Na lura Baba yana jin daɗi, har gemunsa yana rawa. Ya ƙara kaɗan, aka ce albarka. Ya ƙara ɗan mitsitsi, aka ce albarka.

Surukata ta aiko da fura da soyayyen kifi. Ni ban iya ci a wurin ba, maƙwabcina ya cinye rabonsa da nawa, ya ce ladan wahalar da na ba shi ne. Aka kira azahar, muka tafi masallaci muka bar shi yana gadin mota a inuwa. A cikin sallar nan, Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana Zauro.

Da muka dawo Baba ya yi tayi na gaba, ya kuma tsaya cak. Kuɗin za su sayi inji, su haƙa rijiya, shi ke nan. Babu taki, babu na masu dashe. Maƙwabcina ya yi juyin duniya, Baba ko gezau. Da ya sake cewa albarka, sai Baba ya ɗaga masa hannu.

"Dakata, ɗan Jos. Motag ga taka ta? Tun sahe kai ka ta albarka, albarka. Ga mai abu nan zaune. Bari in ji daga bakinai."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Kai, Malam. Ka ji abin da nit taya. Ka sallama?"

Maƙwabcina ya sunkuyar da kai, don ya riga ya san abin da zan ce. Ni ma na sani. Kalmar tana kan harshena, ta saba hanya. Amma sai na ga irin nan nawa a idona, kore shar, yana jiran ruwa da hannu, na ga kaina ina komawa gida in gaya wa 'yar mutumin nan cewa ba mota, ba shinkafa, don na ji kunyar ubanta. Tsoro nake ji ƙwarai. Haushi ma na ji, na kaina da nasa, don ya san sarai abin da yake yi mini.

"Albarka, Baba," na ce.

Muryar ta fito siririya kamar ta ɗan zakaran da ke koyon cara. Wani dattijo ya ce, "Iye?" Baba ya kara hannu a kunne.

"Mi kac ce?"

"Na ce albarka, Baba. Kuɗin ba su kai ba."

Ya daɗe yana kallona. Na ce a raina yau aurena ya zo ƙarshe a gindin dogon yaro. Sai kawai ya tuntsire da dariya, har ya cire hula yana buga ta a gwiwa.

"Ashe shina da baki! Jama'a, ku shaida, ashe yaron ga shina da baki! To yanzu anka hwara ciniki."

Ya matsa ya nuna mini gefen tabarmarsa. Ban hau ba, na dai matso kusa, idona a ƙasa, amma harshena ya kwance. Na janye maganar shan mai, na ce ladabi ne ya faɗe ta, ba ni ba. Ya ce ai maganar da aka yi gaban shaidu ba ta janyuwa. Na ce tayoyin gaba sababbi ne. Ya ce na baya fa? Na ce motar nan ba ta taɓa barin 'yarsa a hanya ba. Maƙwabcina ya yi tari, na yi kamar ban ji ba. Baba ya ce 'yarsa ba ta kai nauyin buhun albasa goma ba, don haka wannan ba shaida ba ce. Ya ƙara, na ce albarka. Na rage kaɗan, shi ma ya ce mini a'a. Dattawa suka rabu biyu, wasu suna bayana, wasu suna bayansa, maƙwabcina ya koma cin sauran kifi yana ba kowa gaskiya.

Gab da la'asar muka haɗu a kan adadin da nake bukata, ba ƙari ko na sisi. Har yau ina zargin matata ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta gaya masa, amma duk su ukun sun musanta.

Baba ya miƙo mini hannu, yadda ake yi in an gama ciniki. Na tsaya ina kallon hannun, don ban taɓa riƙe shi ba. Ya ce in kawo mana, ko sai an yi cinikin wannan ma? Na sa hannu biyu na kama. Tafin nan kaushi gare shi kamar bayan icce, ya kuma riƙe ni gam, bai saki ba. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Da ka sallama man ɗazu, da na saye, kuma ko kwabo ba ni ƙara maka. Amma da na kwana ina tunanin ga hannun wa nib bar ɗiyata."

Idona ya cika da ƙwalla. Ya girgiza hannun ya ce shi fa bai ji an sallama ba tukuna.

"Na sallama, Baba," na ce, wannan karon da muryata ta gaske.

Motar haya muka shiga muka koma Birnin Kebbi, ni da maƙwabcina a matse a kujerar baya. Ranar Litinin na sayi injin.