Mai Awon da Ba a Auna Ba

Ƙanwata ita kaɗai ce ungozoma a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Wagini. Da su uku ne, amma da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar, biyu suka nemi canjin wuri. Ita ta zauna, don a nan take aure.

Cikinta na fari yana wata takwas na je mata kwana biyu. Na tarar ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, zobe ya nutse a yatsarta. Ranar awo na bi ta. Mata sun cika benci har ƙasa, wasu daga rugage suka tako. Tun hantsi take ɗaura musu abin awon jini a damtse, tana faɗa: "Ke, wannan kumburin ba na lafiya ba ne, gobe ki wuce babban asibitin Batsari." Ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Na ce, "Ke wa ke auna ki?"

Ta ce, "Yaya, abin ba ya ɗauruwa da hannu ɗaya."

Wanda ya iya awon, ban da ita, shi ne mai kula da asibitin, shi kuwa ƙanen surukinta ne. Ina za ta iya naɗe hannun riga a gabansa, a kan cikin fari? Ni da ya kamata in rufe ta da faɗa in ja ta zuwa gari, sai na yi dariya na ce manyan ƙafafu alamar ɗa namiji ne. Har yau ina jin haushin bakina. Mijinta ma cewa ya yi aikinta ke nan, ta fi mu sani.

Bayan tafiyata da kwana tara ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin awo da rana tsaka, tana jijjiga, ta taune harshe. A babur aka kai ta Batsari, wata na riƙe da ita ta baya. Ta rayu. Yaron bai zo da rai ba.

Kwana huɗu da dawowarta gida, ina zaune a bakin gadonta, tana kwance nono na zuba, mata suna shigowa jaje. Wata Bafulatana mai tsohon ciki ta gama gaisuwa, ta daɗe tana murza bakin mayafi, sannan ta ce, "Malama, ki yi haƙuri. Nawa tun shekaranjiya bai motsa ba, kuma babu kowa a ɗakin awo."

Na buɗe baki zan kore ta. Ƙanwata ta dafa bango ta tashi zaune, ta ce, "Yaya, matsa mata ta kwanta in duba ta."