Kunun jar dawa

Shekarar farin da aka ci jar dawa ta taimako, ina tuƙa kamyon gwamnati a Yamai, muna zaune a unguwar Gudel. Ƴata ta biyu tana da shekara bakwai. Kullum maƙogwaronta a kumbure, in ta kwanta sai minshari kamar babban mutum, baki buɗe. Lokotoro, wato likita, ya duba, ya ce tsokokin nan biyu na cikin wuya ne, sai an cire. Aka yi aiki, bayan kwana biyu aka sallame mu. Ya ja mini kunne: abu mai sanyi da laushi kawai za a ba ta, in kuma an ga jini ko kaɗan a dawo da ita nan take.

Na ce to, amma a raina ban yarda ba. A garinmu, can ƙasar Maraɗi, in wanzami ya cire wa yaro beli, kunu mai zafi da yaji ake ba shi, a gasa wurin. Haka aka yi mini, ga ni da raina. Uwarta ta roƙo ƙanƙara a gidan wani maƙwabci mai firigo, na karɓe na zubar a rariya, na ce sanyi ne zai kashe ta. Na sa aka dama kunun jar dawa, don gero ya gagare mu a shekarar. Ni da hannuna na riƙa ba ta, tana kuka.

Kwana shida haka. Na bakwai da safe ta yi amai. Uwarta ta kira ni bayan ɗaki, ta nuna mini ƙasa.

"Malam, wannan jini ne. Tun ɗazu take ta haɗiya ba ta ci kome ba."

"Kunun ne. Ba ki san launin jar dawa ba?"

Ban sake dubawa ba. Lokacin soja ne, manya na faɗo wa ma'aikata ba sanarwa, wanda ba a tarar da shi a bakin aiki ba, ya rasa aikin ke nan. Ga lodin hatsi na jirana zuwa Tondibiya. Yarinyar na jingine da bango, leɓɓanta sun yi fari. Ta ce, "Baba, ƙishi." Na ce a ɗumama mata ruwa, na fita.

Da azahar na dawo na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ashe uwarta ta goya ta har bakin hanya, kafin su sami taksi ta cika a bayanta.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa aikin likita ne, da wanzami aka kai wa ita da ba haka ba. Ni kuwa har da gyaɗa kai. Shekara da shekaru na bar wa lokotoron laifin. Uwarta ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban mutane ba. Amma har ta rasu ba ta ƙara miƙo mini kunu hannu da hannu ba. Sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta tashi.