Zanen da Na Ƙona a Misfala

Edita, sallama. Bayan yaƙin duniya na biyu ina bazawara mai shekara talatin da 'yan kai. Ta Sudan muka zo Makka, mijina ya rasu a hanya, na zauna a unguwar Misfala ina wankau da girki a gidajen mutane. Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai wani dattijo fari mai ƙarancin magana, Musulmi daga ƙasar Rasha, amma kowa Bukhari yake ce masa. Ayoyi yake rubutawa a jikin gilashi, alhazai suna saya tsaraba. Ina ce masa Ammu, wato baffa, yana ce mini binti, wato 'yata.

Ranar da zai fita Arfa ya bar mini mabuɗi in share ɗakinsa. Ina jan akwatinsa murfin ya buɗe, na ga wasu ƙyallaye masu kauri a nannaɗe. Na warware ɗaya, sai ga mace tana kallona, idonta kamar zai ƙifta. Na saki ƙara. Na biyu yarinya ce rungume da kyanwa, na uku yarinyar ce dai a kwance, duk ta rame. Tunda nake ban taɓa ganin an zana mutum haka ba. Nan take na yanke cewa tsafi ne, kurwar bayin Allah ya ɗaure. Ban tambayi kowa ba. Na kwashe su duka na cusa a murhu, ina ganin na ceci tsohon daga wuta.

Da ya dawo daga Mina, da bakina na faɗa masa, har da alfahari. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa. Cikin Larabcinsa da bai nuna ba ya ce ya yi karatun zane a babban birninsu, har an taɓa rataye aikinsa a manyan zaure mutane suna layin kallo. Yunwa ta kashe matarsa da 'yarsa a shekara ɗaya. Daga baya hukuma ta ce shugabanninta kawai zai riƙa zanawa, ya ƙi, aka fara nemansa. Ya tsallaka duwatsu da ƙafa har Indiya, daga can ya zo Makka, zanen matar da 'yar ɗaure a bayansa.

Ya dube ni ya ce, "Ya binti, ban san inda kabarinsu yake ba. Su ke nan nake da su."

Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Ya sayo ƙyalle da fenti zai sake zana su, amma fuskar yarinyar ta ƙi zuwa masa. Wata guda yana gwadawa yana gogewa, sannan ya haƙura. Kafin ya rasu ya ce ya yafe mini.

Ni ce har yau ban yafe wa kaina ba. Na aikata zalunci ina zaton ibada nake yi. 'Yan uwa, in kun ga abin da ba ku gane ba a hannun wani, ku jira mai shi ku tambaye shi. Da na jira kwana huɗu kacal, da tsohon nan ya mutu yana ganin fuskar 'yarsa.